Masu Kashe Gobara A Sabon Garin Gusau Tun Ba A Sayi Motar Kwana-Kwana Ba

Tun ba a taɓa ganin jar mota mai jiniya a titunan Gusau ba, akwai masu kashe gobara a Sabon Gari. Ba su da kaki, ba su da albashi, ba su kuwa da ofis inda za a je a neme su. Su ne 'yan ga-ruwa, da 'yan dako, da leburorin tasha, da samarin unguwa, da matan aure masu miƙo tulu ta kan danga. Abin da ke tara su kalma ɗaya ce tak, watau a ji wani ya ƙwala kururuwa cikin dare ya ce, "Gobara!" Nan da nan sai ka ga wanda ya kwana da fushin maƙwabcinsa ya fito da bokiti yana gudu zuwa gidan maƙwabcin nan. Labarin wannan runduna marar sarki, da yadda ta taso, da yadda ta yi rauni, shi muke so mu kawo wa masu karatu, musamman malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi, domin mun ga akwai sauran aiki a gabanta.

JIRGI YA ZO DA GARI

Malam Sambo ɗan Ashafa, ɗaya daga cikin almajiran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ne ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19, a gefen Gulbin Sakkwato. Garin malamai ne da manoma. Da Turawa suka ci ƙasa sai Gusau ta zama gunduma cikin En'e ta Sakkwato, Sarkin Katsinan Gusau yana hakimcinta. Abin da ya juya al'amarin garin gaba ɗaya shi ne hanyar jirgin ƙasa, wadda ta taso daga Zariya, ta biyo ta Funtuwa, ta ratsa Gusau, ta je ta ƙare a Ƙauran Namoda cikin 1929. Da jirgi ya zo sai kamfanoni suka biyo shi, su U.A.C. da John Holt, da Kwarori masu sayen gyaɗa, aka kuma kafa gidan gurzar auduga. Kowane kanti yana neman akawu, da mai awo, da mai gadi, da 'yan dako. Saboda haka mutane suka yi ta ɓarkowa, Yarbawa, da Ibo, da Nufawa, da Hausawan wasu larduna, Kanawa da Katsinawa da Zazzagawa. Waɗannan baƙi su ne suka cika Sabon Gari.

To, ga wani abu da ya kamata a lura da shi game da tsarin irin waɗannan garuruwa. Bisa ƙa'idar da Gwamna Lugga ya shimfiɗa, wadda aka ƙarfafa da dokar garuruwa ta 1917, akan bar fili na yadi 440, watau rubu'in mil, tsakanin Bariki inda Turawa ke zaune da unguwannin 'yan ƙasa, ba a yarda kowa ya yi gini a ciki ba. Babban dalilin da aka bayar shi ne sauro, amma shi Lugga da kansa ya haɗa da tsoron gobara, wadda ya ce ta yi yawa a unguwannin 'yan ƙasa lokacin rani. Ashe ke nan maganin gobarar da hukuma ta fara tanada a wancan zamani tazara ce, wadda ke tsare Bature da gidansa. Mutumin Sabon Gari kuwa aka bar shi da Allah, da maƙwabcinsa.

Ba za a hana mai tsarin hakkinsa ba, gama ya yanka tituna miƙaƙƙu masu faɗi, ya raba filaye daidai wa daida. Titi mai faɗi kuwa katanga ce ga wuta, ba kamar lungunan tsohon gari ba inda jinkar wannan ke taɓa jinkar wancan. Amma cikin filayen nan fa sai abin da ya ƙaru. Mai fili yana son kuɗin haya, saboda haka sai ya yi ta jera ɗakuna, gida guda ya ɗauki iyali goma ko fiye, kowace mace da murhunta, kowane ɗaki da fitilarsa ta aci-balbal.

YADDA AKE YI A DA

Gobara tana da lokacinta kamar yadda shuka ke da nata. Daga watan Nuwamba, sa'ad da iskar hunturu ta fara busowa daga arewa maso gabas, sai kome ya bushe ƙayau, jinka da zana da danga su zama kamar an shirya su don wuta. Lokacin nan ne kuma aka gama kaka, rumbuna sun cika, an jibge kara a bayan kowane gida, ana kai auduga kasuwa. Ga sanyi ya sa tsofaffi suna shiga ɗaki da kaskon wuta, yara suna kewaye garwashi suna jin ɗumi. Daga nan har bazara ta faɗi, mai unguwa ba ya barci da ido biyu. Shi ya sa a garuruwan ƙasar Hausa sarakuna suka saba sa a yi shela da almuru, a ce mata su kashe wuta in sun gama tuwo, kada a bar yaro da bakin wuta. Malamai kuma suna tunasad da jama'a cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi umurni da a kashe wuta in za a kwanta, bayan wani gida ya ƙone da dare a Madina.

In ƙaddara ta riga fata wuta ta kama, wanda ya fara gani shi ke yin kururuwa, mata su karɓa, mai gadi ya busa usur, wani ya sami ƙarfe ya yi ta bugawa. Masu kabbara suna yi, masu salati suna yi. Wanda bai saba ba in ya ga taron sai ya ce hauka ake yi, alhali kuwa akwai tsari a ciki wanda kowa ya koya tun yana yaro ba tare da an zaunad da shi ba. Farko a fid da mutane, tsofaffi da jarirai da marasa lafiya, a kwance dabbobi daga turke. Sa'an nan a fid da abin da ya sawwaƙa na kaya, adaka da tabarmi da keken ɗinki, a tara a tsakiyar titi, a sa wani dattijo ya zauna a kai, domin ba a rasa ɓatagari ko a wurin jana'iza.

Su kuwa ƙarfafan samari ba sa ɓata ƙarfinsu a kan ɗakin da wuta ta riga ta cinye. Sun sani ɗakin nan ya tafi. Sai su duba inda iska ta nufa, su sha gaban wutar, su sa adda da gatari su sare danga, su kwantad da zana, su sa gora mai ƙugiya su jawo jinkar ɗakin da ke biye su yar ƙasa. Sau da yawa mai ɗakin yana tsaye yana rantsuwa wuta ba za ta iso nasa ba, ba mai sauraronsa. Waɗansu kuma su hau kan ɗakunan da ke gaba da ɗanyun rassa da jiƙaƙƙun buhuna, duk inda tartsatsi ya sauka su buge shi tun bai yi harshe ba. Wannan dabara ta yanke wa wuta abinci ita ce dai manyan masana aikin ke koyarwa a makarantunsu har yau. Sun ce wuta ba ta rayuwa sai da abu uku, abin da za ta ci, da iska, da zafi, in ka raba ta da ɗaya ta mutu. Mai sare danga ya hana ta abinci, mai zuba ƙasa ya hana ta iska, mai watsa ruwa ya kashe mata zafi. Kakanninmu ba su karanta wannan a littafi ba, amma sun yi aiki da shi.

Wajen ruwa kuwa, a nan ne 'yan ga-ruwa suka ci sunansu. Garwar kananzir tana cin galan 4, mutum guda yana rataya biyu a sanda, galan 8 ke nan a sawu ɗaya. Mutanen nan sun san kowace rijiya ta unguwa, sun san wadda ke ƙafewa da rani da wadda ba ta ƙafewa, sun san gidan da za a buɗe musu ƙofa da tsakar dare. Ran gobara ba a ciniki. Daga bakin rijiya har wurin wuta sai jama'a su yi layi, guga na fita, bokiti da tulu da masaki suna bin hannu hannu, wofi yana komowa ta hannun yara. A cikin layin nan ba a tambayar mutum garinsu ko addininsa. Bayarabe ya miƙa wa Bazamfare, Bazamfare ya miƙa wa Ibo, domin kowa ya san in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Mazauna Sabon Gari sun sha bamban a harshe da abinci da wurin ibada, har ma tarzomar 1966 ta raba da yawa daga cikinsu da garin sai bayan yaƙin basasa a 1970 suka komo, amma iskar hunturu ba ta taɓa tambayar gidan wane ne ba.

Aikin rundunar bai ƙare da mutuwar wuta ba. Da gari ya waye sai a shiga jaje. Wannan ya kawo dami, wancan ya kawo zane, wani ya ba da ɗaki a zauna kafin a gyara. A sa rana a yi gayya, masu yankan shuci su yanko, masu ɗaurin tsaiko su ɗaura, kafin mako ya zagayo hayaƙin tuwo ya sāke tashi a gidan. Baƙi 'yan kudu kuma suna da ƙungiyoyinsu na 'yan gari ɗaya masu tara kuɗi wata wata saboda irin wannan rana. 'Yan doka sukan zo su kori 'yan kallo su tsare kaya, mai unguwa ya kai labari ga hakimi, malamin hakimi ya rubuta yawan ɗakuna da rumbunan da suka ƙone a aika gaba. Iyakar hannun hukuma ke nan a yawancin gobarar wancan zamani.

WUTA TA SAKE HALI

Arzikin da ya gina Sabon Gari shi ne kuma ya kawo masa irin wutar da bokiti ba ya iya mata. Ta farko ita ce ta auduga. Auduga munafukar makamashi ce, gama tartsatsi kan shige cikin dila ya yi ta ci a ɓoye kwana da kwanaki, ba hayaƙin kirki, sai ran da iska ta same shi sito ya tashi gaba ɗaya. In an watsa ruwa sai ya jiƙa baya ya bar ciki yana ci, tilas sai an farke dilar an baje. Ga buhunan gyaɗa jibge kusa da tasha suna jiran jirgi, gyaɗa kuwa mai ce. Ga shi kansa jirgin na wancan lokaci da gawayi yake tafiya, yana tofar da tartsatsi a busasshiyar ciyawar gefen dogo.

Daga baya aka sami masaƙa a Gusau cikin shekarun 1960, motoci suka yawaita, fetur ya shigo gari, lantarki ya shiga gidaje. Jinka ta ragu, kwano ya maye gurbinta, mutane suka ce an huta. Lalle an huta da wutar da ke tsalle daga jinka zuwa jinka, amma ɗakin kwano mai silin da taga mai ƙarfen tsaron ɓarayi ya zo da nasa sharrin. Ɗakin jinka yakan ƙone cikin ɗan lokaci, amma mutum na iya keta zana ya fita ta ko'ina. Ɗakin siminti kuwa riƙe hayaƙi yake yi, hayaƙin katifar soso da leda da robobi, wanda ke sumar da mai barci tun wuta ba ta taɓa shi ba. Masana sun tabbatar hayaƙi ya fi harshen wuta kisa.

Abin da ya fi muni, dabarar da aka gada ta watsa ruwa ta zama haɗari a wasu wurare. Fetur da kananzir da man gyaɗa ba su nutsewa cikin ruwa, tasowa suke su bi shi, saboda haka wanda ya watsa bokiti a kan wutar fetur ya ba ta abin hawa ne zuwa ɗakin gaba. Maganinta yashi, ko jiƙaƙƙen bargo, ko a kife tukunya da murfi. Wanda kuma ya watsa ruwa a kan wayar lantarki ba a kashe ta daga tushe ba, yana iya zama gawa ta farko a gobarar. Yanzu ga tukunyar gas ta shiga madafa, ga janareto, ga masu ajiye jarkokin fetur a ɗakin kwana. Zuciyar taimako tana nan, amma ilmin da ke tare da ita ya tsaya a zamanin jinka.

ZUWAN 'YAN KWANA-KWANA

Aikin kashe gobara na hukuma a Nijeriya daga Ikko ya faro, a farkon ƙarni na 20, yana ƙarƙashin 'yan sanda, sai a 1963 aka yi dokar da ta ba shi gashin kansa a matsayin ma'aikatar Gwamnatin Tarayya. Ko sunan da muke kiransu da shi ya nuna hanyar da suka biyo. Da Yarbanci ana ce wa mai kashe wuta "panapana", su kuwa Yarbawa suna furta harafin farko kamar "kp", shi ne kunnen Bahaushe ya ji "kwana-kwana". Saboda haka masu zolayar cewa an sa musu sunan ne don sai an kwana an kuma kwana kafin su iso, sun yi wa kalmar ƙazafi, ko da yake wani lokaci ba su yi wa motar ba.

A Arewa manyan birane ne suka fara samu. Abin da ya girgiza jama'a ƙwarai a kan sha'anin gobara a wuraren taro shi ne abin da ya auku a Kano ran 13 ga Mayu, 1951, sa'ad da gidan siliman El Duniya ya kama wuta ana cikin kallo, mutum 331 suka hallaka. Allah Ya jiƙan musulmi. Ranar nan aka gane gini na zamani mai cike da jama'a, in ƙofarsa ta yi kaɗan, ya fi kowace bukka haɗari.

Ita Gusau ta daɗe tana ƙarƙashin Sakkwato, daga Lardin Sakkwato zuwa Jihar Arewa maso Yamma a 1967, zuwa Jihar Sakkwato a 1976. A ƙarshen shekarun 1960 aka haɗe 'yan doka da 'yan sandan Nijeriya, a 1976 kuma aka rushe En'e aka kafa ƙananan hukumomi. Ran 1 ga Oktoba, 1996, aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, Gusau ta zama babban birni, jihar ta sami hukumar kashe gobara tata ta kanta. Wannan ci gaba ne, ba mai musu. Ma'aikatan nan suna shiga inda kowa ke gudu, sau da yawa da kayan aikin da ba su kai ba, sun cancanci a gode musu.

Amma wani abu ya salwanta a hanya ba a lura ba. Da aka ce ga waɗanda ake biya albashi don kashe wuta, sai jama'a suka ɗauka an sauke musu nauyi. Mai unguwan da ke da ikon cewa a rushe dangar wane, yanzu ba ya faɗa a ji. Rijiyoyin gida da yawa an rufe su, an koma ga famfo da burtsatse, famfo kuwa ba kullum yake zuwa ba, burtsatse kuma in ba lantarki ba ruwa. Taron gobara bai ragu ba, sai ma ƙaruwa, amma rabinsa 'yan kallo ne masu ɗaga waya suna ɗaukar hoto, sun toshe hanyar da mota za ta bi. A garuruwa da dama na ƙasar nan har jifan 'yan kwana-kwana akan yi don sun makara. Mai jifan nan da ya ɗauki bokiti tun farko, da watakila ba a bukaci motar ba.

LISSAFIN RUWA DA NA TAFIYA

Bari mu yi ɗan lissafi irin na 'yan aji huɗu. A ce mota ta ɗauko galan 1,000, watau garwa 250. In mesa tana fid da galan 100 a minti guda, cikin minti 10 tanki ya ƙare. Daga nan sai ta juya neman ruwa, wuta kuwa ba ta jiran kowa. Inda aka yi tsari sosai akan sa bakin famfo na musamman a gefen titi don mota ta sha daga nan, amma wannan sai inda ruwan famfo ke gudu dare da rana. Saboda haka har gobe motar hukuma tana bukatar mutanen unguwa waɗanda suka san inda ruwa yake, kamar yadda 'yan ga-ruwan dā suka sani.

Kasuwanni kuma sun fi ko'ina wuya. An cike hanyoyin cikinsu da rumfuna da tebura, a kulle ƙofofi da dare, a bar wayoyin lantarki a saƙe kamar yanar gizo-gizo. Cikin watan Maris na 2016 kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone da dare, shaguna da rumfuna fiye da 3,000 suka tafi. A 2021 babbar kasuwar Sakkwato ta ƙone cikin Janairu, ta Katsina ta biyo baya cikin Maris. Duk cikin rani ne, duk kuwa garuruwa ne masu motocin kwana-kwana.

To, in haka ne a birni, ina ga Tsafe da Bunguɗu? Daga Gusau zuwa Bunguɗu ta hanyar Sakkwato kimanin mil 12 ne, zuwa Tsafe ta hanyar Funtuwa ya kusa mil 30. In daga Gusau gudummawa za ta taso, kafin a buga waya, a tashi direba, a kama hanya, unguwar kara ta zama toka. Balle ƙauyukan ƙasar 'Yandoton Tsafe da na Sarkin Fulanin Bunguɗu waɗanda ke nesa da kwalta, ga kuma halin rashin tsaro da ya sa tafiyar dare ta zama abin tsoro a shekarun nan. A can har yanzu rumbu da jinka da danga su ne gari, wutar rumbu kuwa ba asarar ɗaki ba ce, asarar abincin shekara ce. Ko an ajiye mota a kowace hedkwatar ƙaramar hukuma, rubu'in sa'a na farko, wanda a cikinsa ake cin wuta ko ta ci gari, yana hannun maƙwabta.

Wanda ke shakkar wannan ya tuna da Ƙauran Namoda. Cikin watan Fabrairu na 2025 wuta ta tashi da dare a wata makarantar allo, almajirai 17 suka rasu, rahotannin farko kuwa sun ce daga tarin karan da aka ajiye kusa da makarantar ta taso. A Maraɗi kuma, cikin Nuwamba na 2021, azuzuwan zana suka kama wuta da rana tsaka ana cikin karatu, aƙalla yara 25 suka mutu. Ba motar da za ta iya riga irin wannan wuta. Abin da ke ceton yara a wurin shi ne babban mutum a kusa wanda ya san abin yi, da ƙofar da ke buɗewa, da kara da aka jibge nesa da wurin kwana.

ABIN DA WASU SUKA YI DA TASU GAYYAR

Ba mu kaɗai muka fara da bokiti ba. A birnin Filadelfiya na Amurka, cikin 1736, wani mai buga littattafai, Benjamin Franklin, ya tara mutum 30 na garin suka yi yarjejeniya. Kowa zai tanadi gugunan fata da jakunkunan kwashe kaya a gidansa, in an yi kururuwa ya fito da su. Suna taruwa sau ɗaya a wata su duba kayan su tattauna, wanda ya yi sakaci a ci shi tara, kuɗin tarar a ƙara sayen kayan aiki. Ba su fi mutanen Sabon Gari zuciya ba, abin da suka fi mu shi ne sun rubuta sunaye, sun raba aiki, sun sa ranar gwaji. A garuruwa da yawa, da motoci suka zo ba a kori irin waɗannan ƙungiyoyi ba, sai aka danƙa musu motocin. Har yau wajen kashi biyu cikin uku na masu kashe gobara a Amurka ba albashi suke ci ba, a Jamus kuwa masu yin aikin don Allah sun kai kimanin miliyan guda, kusan kowane ƙauye da tasa ƙungiya.

Mu a nan ba sai an ƙago sabuwar ƙungiya ba, ba kuwa za mu so a kira ta 'yan sa kai ba, gama sunan nan ya riga ya ɗauki wata ma'ana a Zamfara. Akwai 'yan agaji na Jama'atu Nasril Islam da na Fityanul Islam da na Izala, akwai na coci-coci, akwai 'yan Red Cross da 'yan sikawut. Duk suna da kaki, suna da shugabanni, sun saba da fareti da bin umurni, ana ganinsu a masallatan Juma'a da filin Idi da sansanin alhazai suna tsare layi. Ga ƙungiyar 'yan kasuwa, da ta direbobi, da masu tura kurar ruwa waɗanda suka gaji 'yan ga-ruwa. Abin da ya rage shi ne hukumar kashe gobara ta aiko da ma'aikaci guda ya koya musu bambancin wutar kara da ta fetur da ta lantarki, da yadda ake rarrafe ƙarƙashin hayaƙi, da yadda ake nannaɗe wanda tufafinsa suka kama a birgima shi a ƙasa maimakon a bar shi ya ruga. Wannan karatun yini biyu ne, ba ya cin kuɗin tayar mota guda.

Akawun ƙaramar hukuma shi ya fi kowa iya sashen da Franklin ya fi mu, watau rubutu. A kowace unguwa ta Sabon Gari, da Tudun Wada, da cikin gari, da Tsafe da Bunguɗu, ya zauna da mai unguwa su rubuta mutum 20 masu ƙarfi, da rijiyoyi da burtsatsen da ke kusa, da sunan mai riƙe da mabuɗin kowanne, da lambar wayar 'yan kwana-kwana, a manna a zauren mai unguwa da ƙofar masallaci. A ajiye durom biyu na yashi da tsani da gora mai ƙugiya inda kowa ya sani. Malamin makaranta kuma yana da ƙarfen da yake bugawa na tashi. Ya ware wani bugu dabam na gobara, ya gwada yaransa sau ɗaya kafin hunturu, ya duba agogo ya ga minti nawa aji ke ɗauka kafin ya fita. Sa'an nan ya taka zuwa makarantar allon da ke maƙwabtaka da shi, su zagaya tare da alaramma su ga inda aka jibge kara, da ɗakin da almajirai ke kwana, ko ƙofarsa ciki take buɗewa ko waje.